Kasuwar Harshe a Magarya

Da sallar layyar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo gida Magarya daga Yamai. Muna zaune a zaure bayan la'asar, ƙamshin suya na fitowa daga cikin gida, sai ya ce da ni: "Kawu, yaren da na ɓata shekara uku ina koyo kasuwarsa ta faɗi." Na zaci Faransanci yake nufi. Ashe wani yare ne na kwamfuta, irin wanda ake rubuta manhaja da shi. Na yi dariya har ya ji haushi, alhali ba shi nake yi wa ba. Wannan maganar tasa na ji ta a bakin kakana, na ji ta a bakin babana, ni ma na faɗe ta da nawa bakin. Gidanmu zuriya huɗu ke nan da rubutu muke ci, kuma babu ɗayanmu da bai ga ranar da rubutunsa ya yi tsada ba, da ranar da ya yi kwantai.

Kakana malami ne, mutumin wajen Dungas. Dungas da Washa da Mirya su ne tsohuwar ƙasar Tsotsebaki, wadda ta daɗe tana kai gaisuwa Barno kafin Damagaram ta haɗiye ta, shi ya sa hannun rubutun malamanmu na Barno ne, baƙi mai kauri da za ka karanta ko da hasken wutar kara. Ya yi gabas yana yaro, ya dawo da haddarsa da gafakarsa, da wani abu da ya fi ƙaranci a lokacin: ya iya tsara wasiƙa da Larabci. Mahaddata sun fi a ƙirga a ƙasar nan. Amma wanda sarki zai gaya wa magana da Hausa, ya juya ta Larabci, ya san gaisuwar da ta dace da sarkin yanka da wadda ta dace da hakimi, ya san inda ake tausasa barazana da inda ake kaifafa ta, irinsu ba su cika yatsun hannu ba a faɗin kwana biyu na tafiyar doki. Wasiƙar fada da Larabci ake yin ta, a kan takardar nan mai alamar wata uku da fatake suka daɗe suna ratso Sahara da ita daga Tarabulus. Ajami na falke ne da mai bin bashi da matar da ke neman labarin ɗanta.

Ba albashi ake ba shi ba. Riga ce da sallah, dammunan gero da kaka, goro kullum, wata shekara har goɗiya. Amma rumbunsa bai taɓa ganin ƙasa ba, kuma ba ya cire takalmi tun daga nesa kamar sauran talakawa.

Abin da zai karya masa kasuwa ya riga shi isowa. Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, tsakanin 1906 da 1908 kuma Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa turakun iyaka, suka bar mu a arewa, suka bar Daura da Ɓaɓura da Gumel a kudu. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar ƙasar. A waɗannan shekarun babu sana'ar baki da ta kai tafinta. Kumandan ba ya jin Hausa, sarki ba ya jin Faransanci, duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta harshen mutum guda, shi ke rage wa magana gishiri, shi ke ƙara mata. Girman wannan matsayi ya fito fili a 1906, da Faransawa suka yi zargin ana shirya musu tawaye a Damagaram: cikin manyan da suka kama, tare da Sarki Amadu ɗan Basa da attajiri Malam Yaro, har da tafintansu Ali Diallo.

Da farko Nasara bai raba kakana da abincinsa ba, don shi ma yana aika wa sarakuna takardu da Larabci. A hankali ne lissafin lanho da ƙidayar mutane da takardun shari'a suka koma Faransanci, har ranar da aka kawo wa fada wani yaro ɗan lakwal da bai kai shekara ashirin ba, aka shimfiɗa masa tabarma a inda kakana ke zama. Tsoho ya koma ga almajiransa da rubutun sha. Na riske shi da rai, muna wasan jika da kaka, in na tsokane shi da cewa biro ya kashe alƙalamin gamba sai ya ce: "Kai tafi can, ɗan Nasara. Alƙalamina bai dushe ba, masu saye ne suka tashi."

Wani abin dariya, ko na kuka, shi ne yadda babana ya shiga lakwal. Dogarai ne suka zo suka ɗauke shi, kakana ya bi su har bakin gari yana roƙo. Haka aka yi ta yi a ko'ina: ana ɓoye yara a rumbu, masu sarauta na tura ƴaƴan barorinsu a madadin nasu. Wannan gudun shi ya tsadantar da Faransanci. Da kowa ya kai ɗansa, da babana bai zama kowa ba.

Shi gyaɗa ce ta ɗaga shi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya kai Nguru a 1930, gyaɗar ƙasar nan ta sami hanyar teku, Magarya da Matamaye suka zama cibiyar nomanta a gabashin Nijar. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA da CNF suna buɗe wuraren awo da kaka, raƙuma da jakuna na kwararowa daga Bande da Tsatsumburum da ƙauyukan Dungas, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Babana akawun sikeli ne. Aikinsa ya karanta kilo, ya cire nauyin buhu, ya buga da farashin ranar, ya rubuta rasiɗi da Faransanci, ya kuma faɗa wa manomi kuɗinsa da Hausa, a dala, ba a tamma ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai raina wannan: takarda na cewa 500, baki na cewa dala ɗari, kuma mutum ɗari na layi rana na dukansu. Yakan ce Faransancin da yake aiki da shi bai fi kalma ɗari biyu ba. Malamin lakwal da ya san nahawu ciki da bai, yana karanta manyan littattafai, bai kama ƙafarsa a samu ba cikin watannin awo. Ba zurfin harshen ake saye ba, wurin da harshen ya tsaya ake saye, shi kuwa nasa ya tsaya daidai inda kuɗi ke sauya hannu.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takardar albashi. Manomi na kawo wa akawu kaza don kada allurar sikeli ta yi masa rowa, dillali na kawo nasa don ta yi. Babana ya rantse mini bai taɓa danne sikeli ba, ni kuma ɗa ne, na yarda. Kajin dai mun ci.

Sau biyu farashinsa ya yi tsalle. Na farko a 1962 da gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta karɓe cinikin gyaɗa zuwa waje, aka shiga neman ƴan ƙasa masu lissafi. Na biyu a ƙarshen 1963, da rikici ya ɓarke tsakanin Nijar da Dahomey har da batun tsibirin Lete, aka sallami ƴan Dahomey da ke aiki a ƙasar. Su ne fa suka riƙe ofisoshi tun zamanin Nasara: akawu, masu buga tafireta, ma'aikatan gidan waya. Cikin ƴan makonni kujeru suka zama wayam. Mutumin da jiya yake ɗaukar wa wani fayil, yau shi ake ce wa mushe, wato monsieur. Babana bai ƙara ko kalma ɗaya a Faransancinsa ba a wannan watan, amma ya tashi daga bakin sikeli ya koma cikin ofis, ya sayi keke Raleigh daga Kano, ya ƙara aure.

Daga nan sai fari na 1973 da 1974, sai cutar da ta murƙushe gyaɗa a 1975. An riga an gina masana'antar mai ta SEPANI a Magarya, ga injuna ga ma'aikata, babu gyaɗar da za a matse. Manoma suka koma wake da gero. Arzikin ƙasa ya ƙaura arewa, wajen yuraniyom ɗin Arlit da aka fara haƙa a 1971. Babana ya ƙarasa rayuwarsa yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya. Shi ma ya faɗi tasa: lissafinsa na nan daram, abin lissafawa ne babu.

Ni tafireta na koya, a Damagaram, farkon shekarun 1980. Daktilo ake ce mana. Yatsu goma ba kallon allo, kwafi huɗu da kabon, in kuma sanarwa ce ta ƙauyuka a buga a sitansil a juya. Kuskure ɗaya a layin ƙarshe sai ka sake shafi. Na sami aiki a wani ofis, na yi alfahari da shi, don manya masu digiri suna tsayawa a kaina suna jira in gama. Amma na zo a makare. Kuɗin yuraniyom sun ja baya, aka rage ɗaukar ma'aikata. Najeriya ta rufe iyaka a 1984, shekarar yunwar da mutanenmu suka raɗa wa suna El Buhari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, a shekarun nan kuma ma'aikaci kan yi watanni bai ga albashi ba. Ƙannena da suka ƙi lakwal suka bi hanyar Tinkim da Babban Mutum suna safarar kaya da canjin naira, ba su iya rubuta sunansu da boko ba, su suka riƙa ba ni rance.

Kwamfuta ta shigo ofishinmu a ƙarshen shekarun 1990, aka lulluɓe ta da zane kamar amarya. Mu daktilo uku ne. Biyu suka ce ba za su taɓa ta ba. Ni na riƙa tsayawa bayan an tashi ina lalube, na koyi Word, na koyi Excel. Da na bar aikin na buɗe shagon buga takardu a Magarya, inda nake karɓar abin da na ga dama a kan shafi ɗaya, don daga ni sai wani mutum guda a duk garin. Bayan yunwar 2005 ƙungiyoyin agaji suka cika yankin, Médecins Sans Frontières ta fara aikin kula da yara a Magarya tun wannan shekarar, kowace ƙungiya kuma tana son a zuba mata sunaye da alƙaluma cikin jadawali. Wanda ya iya Excel ya zama tafintan zamani. A 2011 da aka yanke Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai kanta, sababbin ofisoshi suka buɗe, na sake samun kaka ɗaya mai kyau. Shekarar ce kuma aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, muka fara jin samari na cewa Sinanci ne harshen da ke biya yanzu.

Tawa faɗuwar ba fari ne ya kawo ta ba. Yawa ne. Yaran da na koya wa da hannuna suka buɗe shaguna a gabana da bayana, sannan wayar hannu ta zo, kowa ya zama daktilon kansa da babban yatsa.

To shi ɗan ƙanwata, da ya huce, ya zauna ya warware mini tasa kasuwar, na kuwa gane ta sarai kamar a bakin sikeli aka yi ta. Ya yi karatu a jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, ya ƙarasa a Yamai. Abin da ya fara ƙwarewa a kai shi ne WinDev, kayan aikin wani kamfanin Faransa da ke Montpellier, wanda har umarninsa ana iya rubutawa da Faransanci. Da shi ake yi wa kantin magani da makaranta da ɗan kasuwa manhajar lissafi a ƙasashe da dama masu Faransanci. A Yamai yana ci da shi. Da ya tsallaka Kano neman babban aiki, babu wanda ya tambaye shi WinDev. Can PHP ake nema, da JavaScript, da Python, da masu yin manhajar waya, kuma a yi hira da Ingilishi. Turakun Tilho, ashe, har cikin kwamfuta sun bi mu.

Na tambaye shi wane yare ne ya fi wuya, don in san wanda ya fi tsada. Ya ce ba haka abin yake ba, Kawu. JavaScript, da aka ƙirƙiro a 1995, ya fi kowanne yawan guraben aiki, amma masu iya shi sun yi yawa, mai ɗauka na zaɓe yana yanga. Wani yaren kuma gurabensa kaɗan ne, masu shi sun fi guraben ƙaranci, sai a yi ta ƙara musu kuɗi don kada su tashi. Ya ba ni labarin COBOL, tsohon yare na 1959 da bankuna da gwamnatoci suka gina lissafinsu a kai, samari suka guje shi don tsufa. Da shekara ta 2000 ta gabato aka firgita, domin tsofaffin manhajoji da lamba biyu suke rubuta shekara, ana tsoron su ɗauki 00 a matsayin 1900, sai aka bi tsofaffin masu COBOL har gida da kuɗi a hannu. A Afrilun 2020 ma, da annobar korona ta jefa mutane neman tallafin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey a Amurka, Phil Murphy, ya fito bainar jama'a yana cigiyar masu COBOL. Na ce masa wannan ai 1963 ce, kujera ce ta zama wayam.

Ya kuma ba ni labarin da ya yi kama da nawa. Kamfanin Andela ya buɗe a Legas a 2014 yana horar da samari rubuta manhaja yana haɗa su da kamfanonin waje, a 2016 har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dalar Amurka miliyan 24. A Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce ƙwararru kasuwa ke nema. Daga ƙarshen 2022 manyan ma suka fara zubar da mutane: Meta 11,000 a Nuwamba, Google 12,000 a Janairun 2023. A wannan Nuwamban ChatGPT ya fito, kuma irin ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, yanzu na'ura na yin da yawansu cikin ƙiftawar ido. Waɗannan su ne yaran da suka buɗe shago a gabana, sai dai nasa ba sa cin tuwo.

Wani abu da ni na ƙara masa, don shi bai ga 1994 ba: ka dubi kuɗin da za a biya ka da shi kafin ka dubi yaren. Abokansa biyu, hannunsu ɗaya, ɗaya na karɓar naira a Kano, ɗaya na yi wa wani kamfanin Turai aiki daga ɗakinsa ana biyan sa yuro. Da Najeriya ta saki naira a Yunin 2023, dalar Amurka da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin watanni takwas. Na Kano ya wayi gari albashinsa ya zube bai yi laifin komai ba, ɗayan kuwa ko gezau, mu ma namu sefa na ɗaure da yuro a 655.957 tun 1999. Amma shi ma mai yuron yana da nasa fari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuma mai aiki daga nesa in babu wuta babu intanet, ko da yaren mala'iku ya iya, zaman banza yake. Ɗan ƙanwata sai da ya sayar da babur ya sayi faranti mai hasken rana da batir.

A Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Yamai suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Na yi murna, amma ni ɗan akawu ne: harshe na yin tsada ne ranar da mai kuɗi ya rasa yadda zai yi sai da shi. Ina jiran in ga takardar ɗaukar aiki da aka rubuta cewa sai wanda ya iya tsara Hausa.

Kafin ya koma Yamai wani dillalin dabbobi, mutumin Dungas da ke kai shanu kasuwar Maigatari kowace Alhamis, ya aiko a kira shi. Yana son a yi masa manhaja a waya da za ta riƙe masa bashi, wa ya karɓi bijimi, wa ya biya da naira, wa ya biya da sefa, a kan wane canji. Suka yi ciniki, kuɗi masu kauri, sun fi abin da yaron ke samu a wata biyu. Alhajin ya sa aka ɗauko littattafan bashinsa na shekara goma sha ɗaya a cikin buhu, don a zuba su ciki. Ɗan ƙanwata ya buɗe na farko ya yi shiru. Ajami ne tun daga bango har bango, hannun Barno, babu wasali, sunayen mutane da na ƙauyuka a cukuɗe da lambobi.

Ya kawo mini. Na iya ajami daidai karanta wasiƙa, amma wannan hannun ya fi ƙarfina. Muka ɗauki buhun a bayan babur muka nufi wani alaramma a bayan kasuwa, tsoho da ya yi karatu a hannun wani almajirin kakana. Ya ɗaga shafi ɗaya kusa da idonsa, ya karanta layi uku a jere ba gargada, har da sunan wani mahauci da ya rasu da bashin tumaki biyu a kansa. Ya rufe littafin ya ce jikka biyar kowane littafi.

Yaron ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, a yi mana ragi, littattafan da yawa."

Malam ya tura masa buhun da ƙafa, a hankali, ya ce: "To ɗana, kai wa wani."

Muka biya.